Jagorar Ƙera Ƙaramin Jirgin Shawagi Maras Inji a Gombe

Jirgin shawagi jirgin sama ne da ba shi da inji. Ana ɗaga shi da igiya ko a sako shi daga gangaren tudu, sa'an nan ya riƙa zamowa ƙasa sannu a hankali a kan fikafikansa. Idan matuƙin ya dace da iska mai hawa wadda ta fi saukar jirgin sauri, sai jirgin ya ƙara nisa sama, kamar yadda shirwa da ungulu ke kewaya samaniyar Gombe da rana tsaka ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Nau'in da wannan jagora ta shafa shi ne mafi ƙanƙanta, mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda a dokar Amurka ta 1982 nauyinsa babu matuƙi bai kai kilo 70 ba. Arharsa ta samo asali ne daga rashin inji da man fetur, da kuma cewa masu shi ne ke ƙera shi da hannunsu. Kayan da ke ɗaukar nauyi kuwa ba a neman arha a kansu.

Asali da misalai

Malamin tarihi al-Makkari ya ruwaito cewa Abbas bin Firnas na Kurɗuba a Andalus ya ɗaura fikafikai ya yi shawagi a ƙarni na 9, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka don bai yi wa kansa wutsiya ba. Bajamushe Otto Lilienthal ya yi zamiya kusan sau 2,000 tsakanin 1891 da 1896, kuma faɗuwar da ya yi a watan Agusta na 1896 ce ta zama ajalinsa. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright sun shafe 1900 zuwa 1902 suna gwada jirage marasa inji kafin su ɗora inji a 1903. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yarjejeniyar Basai ta takura wa Jamus a kan jirage masu inji, matasanta suka koma tudun Wasserkuppe daga 1920 suna gasar shawagi. Daga wannan al'ada aka samu jirgin koyo SG 38 na 1938, wanda ƙungiyoyi da makarantu suka ƙera dubbai da katako da yadi da waya.

A Afirka ta Yamma, shugaba Kwame Nkrumah ya gayyaci matuƙiya Hanna Reitsch ta kafa makarantar shawagi a Afienya ta ƙasar Gana, inda ta yi aiki daga 1962 zuwa 1966. A Nijeriya, kamfanin AIEP na Kaduna ya ƙera wa rundunar sojan sama jirgin koyo Air Beetle guda 60 bisa zanen RV-6A, wanda asalinsa zane ne na masu ƙera jirgi a gida a Amurka. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, labarinsa ya zagaya duniya. Hannu da himma suna nan a Arewa. Abin da ke raba jirgin da ke tashi lafiya da wanda kama kawai ya yi da jirgi shi ne lissafi da gwaji.

Abin da ke riƙe jirgi a sama

Ƙarfi uku ne ke aiki a kan jirgin shawagi: nauyi mai jan shi ƙasa, ɗagawar da fiffike ke samu daga iskar da ke ratsa shi, da turjiyar iska mai rage masa gudu. Tun da babu inji, nauyin ne ke jan shi gaba, kamar keke a gangare. Ana auna nagartarsa da nisan zamiya. Jirgin da zamiyarsa 10 bisa 1 ce yana cin kilomita ɗaya daga tsawon mita 100 idan iska tana kwance. SG 38 yana wajen 10 bisa 1, manyan jiragen gasa na zamani kuwa sun haura 50 bisa 1. Dogon fiffike siriri yana rage turjiya, amma yana buƙatar ƙashi mai ƙarfi, ƙarfi kuma yana zuwa da nauyi da tsada.

Haɗari mafi girma shi ne suɓucewar iska. Idan gudu ya ragu ƙwarai, ko aka ɗaga hancin jirgi har fiffike ya fuskanci iska da kusurwar da ta wuce kimanin digiri 15, iskar da ke bin bayansa takan rabu da shi, ɗagawa ta yanke, hanci ya faɗi. A sama mai nisa ana farfaɗowa da tura sandar tuƙi gaba. Kusa da ƙasa babu sararin yin haka.

Zaɓen zane

Mai ƙera jirginsa na farko yana bin zanen da aka riga aka ƙera aka tashi da shi. Mafi sauƙi shi ne Goat na Mike Sandlin daga Kalifoniya, wanda ya saki zanensa kyauta a intanet. Bututun alminiyam ne da wayar ƙarfe da yadi, faɗin fikafikansa kusan mita 11, nauyinsa wajen kilo 64, matuƙi yana zaune a fili babu rufi, kuma ana haɗa shi da noti da ribit ba tare da walda ba. ULF-1 na Jamus, wanda ya fara tashi a 1977, na katako ne, faɗinsa mita 10.4, nauyinsa wajen kilo 55, zamiyarsa 16 bisa 1. Woodstock na Jim Maupin, na 1978, shi ma katako ne mai rufaffen mazauni, zamiyarsa 24 bisa 1, sai dai ya haura kilo 100. Carbon Dragon na wannan mai zane ya fi su iya hawa a iska mai rauni, amma aikinsa na ƙwararru ne.

A yanayin Gombe, inda katako ke bushewa ƙayau da hunturu ya kumbura da damina, kuma gara ba ta da nisa, zanen bututun alminiyam ya fi dacewa da masu farawa. Ko wanne aka zaɓa, ba a canza kaurin bututu, ko wurin huda, ko girman wutsiya, sai injiniya ya sake lissafin ɓangaren. Malaman fasaha irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe da malaman kimiyya na jami'o'in jihar su ne mutanen da ya kamata a kai wa lissafin su duba.

Lissafin farko

Ko da zane na hannu, dole mai ƙira ya fahimci lambobin da ke bayansa. A ɗauki misalin jirgi mai kilo 70 da matuƙi da kayansa kilo 80, jimla kilo 150. Idan fiffike yana da faɗin mita 11 daga baki zuwa baki da girman murabba'in mita 15, zurfinsa daga gaba zuwa baya zai kama santimita 136, kuma kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 10.

Kaurin iska yana shiga lissafin. A bakin teku, a matsakaicin yanayi, kowace kubik mita ta iska tana da kilo 1.225. Gombe tana sama da teku da ɗaruruwan mitoci, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, sai kaurin ya sauko zuwa kusan 1.07. Jirgin misalin nan da iska za ta suɓuce masa a gudun kilomita 38 zuwa 39 a sa'a a bakin teku, a bazarar Gombe sai ya kai kusan 41. Wato yana buƙatar fili mafi tsawo wajen tashi da sauka.

Juyawa tana ƙara nauyi. Jirgin da ya karkata digiri 60 yana juyi, fikafikansa suna ɗaukar ninki biyu na nauyinsa, gudun suɓucewa kuma ya tashi daga 41 zuwa kusan 58. Guguwa da fizgar sanda su ma suna ninka nauyi. Saboda haka ƙa'idar Turai ta jiragen shawagi ta ce fiffike ya ɗauki ninki 5.3 na nauyi ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma kada ya karye sai an ƙara rabin wannan a kai. Ƙananan jirage masu tafiya a hankali da dama ana zana su ne a kan ninki 4.

Sai cibiyar nauyi, wato wurin da jirgi zai daidaita idan aka ɗora shi a kan tsini. A yawancin zane tana faɗawa tsakanin kashi 25 da 33 cikin 100 na zurfin fiffike, a misalin nan santimita 34 zuwa 45 daga bakin gaba. Idan ta matsa gaba da yawa, hanci yakan yi nauyi wajen sauka. Idan ta koma baya, jirgin yakan ƙi jin sanda, kuma idan iska ta suɓuce masa yana iya shiga juyin da ba a fita. Wutsiya ce ke riƙe wannan daidaito. Jirgi mai wannan girma da wutsiyarsa ke nesa da fiffike da mita 3.5 yana buƙatar wutsiyar kwance ta kusan murabba'in mita 2.6.

Kayan aiki

Bututun da ake so shi ne alminiyam mai lamba 6061-T6, maras ɗinki, kuma lambar tana buge a jikinsa. Alminiyam da masu haɗa tagogi da ƙofofi ke aiki da shi a gari yawanci 6063 ne, wanda ƙarfinsa bai kai ba, don haka ba ya shiga fiffike ko matokarai. Notunan da ke haɗa fiffike da gangar jiki su ne masu lambar AN na jiragen sama, kuma kowane yana da makulli ko fil mai hana shi kwancewa. Wayar tokara mai kaurin milimita 2.4 tana ɗaukar kimanin kilo 400 kafin ta tsinke, muddin an matse bakinta da zoben tagulla da matsewar da aka yi domin aikin. Ɗaurin hannu da dalma ba sa riƙewa.

Wanda ya zaɓi katako zai nemi irin da zanen ya ambata, galibi sifurus ko fir na Amurka ta Arewa don azarar fiffike, da siririn filawud na icen bac mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Katakon jirgi ba ya da gaɓa ko tsaga, kuma jijiyarsa ba ta kauce wa miƙe fiye da 1 cikin 15. A kasuwar katako ta Gombe ana samun abin yin teburin aiki da ma'aunai da akwatin ajiya. Obece, wanda ake kawowa daga kudu, yana da sauƙin nauyi kuma yana amfani a ƙananan sassan da ba sa ɗaukar kaya, amma ba ya maye gurbin azara sai an gwada samfurinsa an sake lissafi. Gam ɗin jirgi shi ne efoksi na gini ko resosinol. Farin gam na kafintoci yana saki da zafi da danshi.

Rufin kuwa yadin Dacron ne wanda ba a riga an tsuke shi a masaƙa ba, mai nauyin kusan giram 60 a murabba'in mita. Yadin rufin kasuwa da leda ba sa tsukewa daidai, rana kuma tana cinye su.

Matakan ƙira

Aiki yana farawa da rumfa mai inuwa da ƙasa mai siminti, da tebur miƙaƙƙe da ya kai tsawon rabin fiffike, wanda aka daidaita da ma'aunin ruwa. Duk karkatar da ke cikin tebur sai ta fito a fiffike.

Ana fara ƙira da wutsiya, domin ita ce ƙarama, kuma kuskuren koyo a kanta bai da tsada. Daga nan sai haƙarƙarin fiffike. Ana zana siffarsa a kan falanki da cikakken girma, a kafa ƙananan katakai a gefen layin su zama ƙwarya, a fitar da kowane haƙarƙari daga wannan ƙwarya ɗaya don su zo iri guda. Sai azarori biyu, ta gaba da ta baya. A kan bututu ana alamta wurin huda da ɗan ƙarfe mai tsini, a huda da injin tebur don ramin ya miƙe, a goge bakinsa sumul, domin tsaga daga kaifin rami take farawa. Inda noti zai ratsa bututu ana zura wani bututun a ciki ya ƙarfafa wurin. A katako, idan za a haɗa guda biyu, ana fere bakunansu a gicciye, tsawon ferewar ya ninka kaurin sau 15 a azara, sau 12 a filawud.

Efoksi yana saurin daskarewa da zafi, saboda haka ana kwaɓa shi kaɗan kaɗan da sassafe, bisa awon da masu yin sa suka rubuta. Daga kowane kwaɓi ana manna guntayen katako biyu a ajiye da kwanan wata. Bayan sun bushe sai a karya su da guduma. Idan katakon ne ya yage, gam ya kama. Idan layin gam ne ya rabu, duk abin da aka manna da kwaɓin ranar sai an sake shi.

Bayan an gama gangar jiki da mazauni da ƙafa, ana haɗa jirgin tsirara babu yadi. A nan ake saita ɗan ɗagin bakunan fikafikai sama, da murɗa bakin kowane fiffike ƙasa kaɗan, yawanci digiri 2 zuwa 3, don iska ta fara suɓucewa daga gindi yayin da bakin ke nan da iko. Ana auna nisa daga bakin kowane fiffike zuwa wutsiya, dole biyun su zo ɗaya. Sai a ɗaura wayoyin tuƙi a tabbatar da alƙiblarsu: sanda dama, leɓen fiffiken dama ya tashi na hagu ya sauka, sanda baya, marfin wutsiyar kwance ya tashi, takun dama, marfin wutsiyar tsaye ya juya dama. Mutum biyu ne ke duba wannan, kowa shi kaɗai, domin wayar da aka ɗaura a juye ta kashe ƙwararrun matuƙa.

Rufi ne aikin ƙarshe. Ana manna yadin a gefuna, a ɗinke shi ko a ɗaure shi a kan haƙarƙari, sa'an nan a tsuke shi da dutsen guga na lantarki wanda aka auna zafinsa. Ana farawa a wajen digiri 120, kuma ba a wuce 175. Siririn ƙashi ma ba ya son a kai can, don yadin yana iya lanƙwasa shi. Dutsen guga na gawayi ba shi da ma'auni, ba ya shiga wannan aiki. A kan yadin ana shafa fenti mai garin alminiyam da ke tare hasken rana, sa'an nan fari a sama. Baƙi da sauran launuka masu duhu suna tara zafin da ke sassauta gam.

Gwajin yashi da awon nauyi

Kafin rufi ake gwada ƙarfin fiffike. Ana kifa jirgin a kan madogarai masu ƙarfi, a jera buhunan yashi na kilo 5 ko 10 a kan fikafikan. A misalin kilo 150, idan fikafikan kansu kilo 35 ne, abin da suke ɗagawa kilo 115 ne. Ninki 4 ya zama 460, a cire nauyin fikafikan da ke kife, saura kilo 425, wato nauyin buhun siminti takwas da rabi. Ana ɗora yashin a hankali, dama da hagu a tare, mafi yawa kusa da gindi yana raguwa zuwa baki, ana auna saukar bakin fiffike a kowane mataki. Bayan an sauke, fiffike ya koma inda yake. Duk ɓangaren da ya lanƙwashe, ko ramin notin da ya buɗe, canza shi ake yi.

Bayan rufi sai awon cibiyar nauyi, matuƙi yana zaune da hular kwano da ɗamararsa, jirgin a daidaice. A ce sikelin ƙarƙashin taya, wadda ke santimita 30 bayan bakin fiffike, ya nuna kilo 145, na wutsiya a santimita 380 ya nuna kilo 5. Ana ninka kowane nauyi da nisansa, a tara, a raba da jimla: 4,350 da 1,900 sun zama 6,250, a raba da 150, ya ba da santimita 41.7. Wannan kusan kashi 31 cikin 100 ne, yana cikin iyaka. Matuƙi mara nauyi yana buƙatar dalmar da aka ɗaure da noti a hanci.

Izini da horo

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ita ce ke da iko a kan rajistar jirage da lafiyarsu da lasisin matuƙa, hukumar NAMA kuma ke kula da zirga-zirgar sararin samaniya. Ana rubuta wa NCAA tun kafin a sayi bututu na farko, a ajiye littafin aiki da hotuna da takardun kowane kaya don masu bincike. Filin jirgin saman Gombe yana Lawanti a ƙaramar hukumar Akko, a kan hanyar Bauchi, kuma ba a shawagi a kewayensa sai da yardar hasumiyar filin. Jami'an tsaro da hakimi da masu gonaki su ma ana sanar da su.

Iya ƙira dabam, iya tuƙi dabam. Jirgi mai kujera ɗaya ba wurin koyo ba ne. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi, kuma tushen ilimin tuƙi ɗaya ne. Horon shawagi da malami a jirgi mai kujera biyu ana samunsa a ƙungiyoyin Afirka ta Kudu da Jamus da Ingila. Tashin farko na sabon jirgi aikin gogaggen matuƙi ne.

Fili, lokaci da tashin farko

Jihar Gombe tana da tuddai irin su Bima wajen Dadin Kowa da duwatsun Tula da Kaltungo a kudu, kuma iskar da ta bugi gangare takan hau sama. Sai dai yawancinsu duwatsu ne masu tsauri, ba su da shimfiɗaɗɗen wurin sauka a gindi. Ja da mota a miƙaƙƙen fili ya fi aminci. Ana neman fili mai tsawon kilomita ɗaya ko fiye, a miƙe da iska, babu wayar lantarki, babu kwari irin wanda zaizayar ƙasa ta haƙa a kewayen gari, kuma an tone tushiyoyin karan dawa masu huda yadi da ƙafa. Igiyar ja tana da ƙugiyar saki a wajen jirgi da wata a wajen mota, da guntuwar igiya mai rauni da za ta tsinke kafin fiffike ya wahala. A bayan motar akwai mai kallon jirgin, riƙe da wuƙa.

Gwaji yana tafiya mataki mataki da sassafe, lokacin da iska ke kwance: gudu a ƙasa ba tashi, sai tsalle na mita ɗaya, sai mita biyar a miƙe, sai ƙananan juyi, ana duba kowane noti da waya a tsakani. Shawagi na sosai sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta fara hawa ginshiƙi ginshiƙi. Jirgin da ke sauka mita ɗaya a daƙiƙa, idan ya shiga iskar da ke hawa mita uku, yana samun mita biyu a kowace daƙiƙa. Alamunta su ne shirwa masu kewaya wuri ɗaya da ƙananan gajimare masu shimfiɗaɗɗen gindi. Kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce mafi dacewa. Hazon hunturu yana rufe gani, guguwar bazara ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi, iskar da ke gaban hadarin damina kuma tana iya kifar da shi ko yana ƙasa.

Ajiya da kuɗi

Ana kwance fikafikai a ajiye su a inuwa, a kan maratayi nesa da ƙasa saboda gara da ɓeraye. Kafin kowane tashi ana zagaya jirgin ana taɓa kowane fil da waya, sau ɗaya a shekara kuma a buɗe shi a duba tsatsa da tsaga da ƙarfin yadi. Aikin ƙira yana cin ɗaruruwan sa'o'i, kuma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a bututu da noti da yadi da ake shigowa da su daga waje. Hanyar rage tsada ita ce ƙungiya: kafinta da mai aikin alminiyam da tela da malamin lissafi da direba su haɗa kuɗi da hannu a kan jirgi ɗaya, kamar yadda ƙungiyoyin Jamus suka yi da SG 38. Tashi ɗaya ma yana buƙatar aƙalla mutum huɗu a fili. Jirgin da aka bi ingantaccen zane wajen ƙera shi, ya ɗauki yashinsa, cibiyar nauyinsa ta faɗa cikin iyaka, kuma hukuma ta ba shi izini, shi ne kaɗai ya cancanci a ɗora ran mutum a kansa.